Dambe a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Kwatanci da Ƙwallon Amurka ta Fuskar Tarihi da Dokoki da Sana'a

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sukan kasa wasannin gargajiya gida biyu, watau wasannin yara na dandali, kamar langa da carafke, da kuma wasannin manya na nuna jarunta, kamar dambe da kokawa da tauri. A cikin wannan kashi na biyu, dambe shi ne wanda ya fi kowanne nisa a kan hanyar barin matsayin wasa zuwa matsayin sana'a, domin a yau akwai samari da yawa waɗanda ba su da wata hanyar cin abinci sai ƙarfin damtsensu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba dambe kamar yadda aka san shi a kudancin Jihar Katsina, musamman ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ta fuskoki uku: tarihinsa, da dokokinsa, da matakan da ɗan dambe yake takawa tun daga ƙuruciya har ranar da zai kwance zare. Sa'an nan za a ajiye shi gefe da gefe da wani wasan ƙarfi na wata nahiya, watau ƙwallon Amurka, wanda shi ma ya faro a matsayin wasan samari kafin ya zama babbar sana'a. Dalilin wannan kwatanci kuwa shi ne a ga irin tambayoyin da kan taso duk lokacin da jikin mutum ya zama shi ne jarinsa, da yadda kowace al'umma ta amsa su.

2.0 Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Wannan yanki yana daga cikin wuraren da suka fi albarkar noma a ƙasar Hausa. Ruwan samansa ya fi na arewacin Katsina yawa, ƙasarsa kuma laka ce mai riƙe danshi, saboda haka auduga da dawa da masara suke yi ƙwarai. Funtuwa ita ce mazaunin Sarkin Maska, Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina. A zamanin Turawa kamfanin auduga na BCGA ya kafa injinan gurza a garuruwan biyu, hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda kuma ta ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920. A shekarar 1975 aka fara babban shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara a ƙauyuka.

Wannan bayani yana da alaƙa da dambe ta kai tsaye. Dambe wasan kaka ne, ba ya armashi sai amfanin gona ya zo gida, rumbu ya cika, an kai auduga kasuwa an karɓo kuɗi. A lokacin ne ake ɗaura aure, ake naɗin sarauta, makaɗa suke fita yawo. Ƙasar da manomanta suke da abin kyauta a aljihu, ita ce ƙasar da 'yan dambe da makaɗansu suke nufa, shi ya sa garuruwan kasuwa irin su Bakori da Ɗandume da Ɗanja da Ƙafur suka dace da irin wannan taro.

3.0 Asalin Dambe da Sauye-sauyensa

Abin da aka fi sani game da asalin dambe shi ne wasan mahauta ne, waɗanda ake kira rundawa. Idan ɗan mahauci zai yi aure, ko za a naɗa Sarkin Fawa, sai a gayyato rundawan garuruwan da ke kusa, a kafa fili da la'asar, a yi ta gwabzawa har faɗuwar rana. Kalangu, wanda shi ne kiɗan mahauta a bakin kasuwa, shi ne kuma kiɗan dambe. A wancan zamani ba a biyan ɗan dambe lada. Abin da yake nema shi ne suna, da fita kunyar garinsu, da kyautar da masu kallo za su yi masa don ganin dama.

Daga baya abubuwa uku suka sauya wannan tsari. Na farko, hanyar mota da ta jirgi sun sauƙaƙe tafiya, har ɗan damben da a da iyakarsa kasuwannin da ƙafa za ta kai shi ya fara zuwa Kano da Kaduna da Legas. Na biyu, rediyo da kaset sun ɗauki waƙoƙin makaɗan dambe sun kai su ko'ina. Babban misali shi ne Muhammadu Bawa Ɗan'anace, wanda waƙoƙinsa suka sa sunan Shago da Ɗandunawa ya shiga kunnen mutanen da ba su taɓa ganin su a fili ba. Na uku, an fara kewaye fili da zana ko kwano ana karɓar kuɗin ƙofa. Daga ranar da aka fara biya kafin a shiga kallo, dambe ya sami mai gida, ya sami ciniki, ya kuma buɗe ƙofa ga wanda ba ɗan mahauta ba. A yau ɗan manomi da ɗan dako da ɗan acaɓa duk suna ɗaura zare, akwai kuma gidajen dambe na dindindin a manyan garuruwa, kamar na Dei-Dei a Abuja da na Maraba a Jihar Nasarawa, inda ake yi rani da damina.

4.0 Dokokin Dambe

Dokokin dambe ba rubutattu ba ne a asali, amma kowane mai kallo ya san su. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, sa'an nan a ɗaure shi tam da igiya, wadda ake kira kara ko zare. Wannan hannu shi ne mashi, da shi ake kai naushi. Ɗaya hannun kuwa a buɗe yake, ana miƙa shi gaba don tare bugu da auna tazara, shi ake kira garkuwa. Wanda yake ɗaure hannun hagu shi ne bahago. Sunayen nan biyu, mashi da garkuwa, sun nuna cewa Bahaushe yana kallon filin dambe a matsayin ƙaramin fagen fama, kuma kalmar da ake amfani da ita wajen nasara ta ƙara tabbatar da haka, domin idan mutum ya kai abokin karawarsa ƙasa sai a ce ya kashe shi.

Kisa yana tabbata ne idan hannu ko gwiwa ko wani sashe na jiki, ban da tafin ƙafa, ya taɓa ƙasa saboda bugu. Ana yin wasa turmi uku. Turmi yakan ƙare idan alƙali ya raba su, ko zare ya kwance, ko an daɗe ana kallon-kallo ba a kai hannu ba. In aka cika turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a tashi canjaras. An yarda da bugu da ƙafa. An hana ɓoye ƙarfe ko wani abu mai kaifi a cikin zare, an kuma hana bugun wanda ya riga ya faɗi.

A damben gargajiya ba a auna nauyi. Mai neman karo yakan fito fili ya miƙa wa wanda yake so hannu, shi kuma ya amsa ko ya kau da kai. Manyan da ke gefe su ne suke hana a haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa. 'Yan dambe kuma sun kasu ɓangare-ɓangare, watau Kudu, da Arewa wadda ake kira Jamus, da Guramaɗa, kuma bisa al'ada ɗan ɓangare ɗaya da ɗan wani ɓangare ake haɗawa. Ban da wannan akwai abubuwan da ke kewaye da wasan, kamar take da kirari da tsuma, da layu da kambuna da guraye, waɗanda 'yan dambe da yawa suke ganin ba a shiga fili sai da su.

5.0 Matakan Sana'ar Ɗan Dambe

Ana iya kasa rayuwar ɗan dambe mataki biyar. Na farko shi ne damben yara a dandali ko a bayan gari, inda ake naɗe hannu da tsumma. Na biyu shi ne zama yaron wani, watau saurayi ya bi wani babban ɗan dambe yana ɗaukar masa jaka da ruwa, yana koyon ɗaurin zare da tsayuwa, a kuma riƙa sa shi buɗe fili kafin manya su fito. A nan ne yake samun suna, kuma sunan da kansa yakan faɗi gidan da ya fito: Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, ko Garkuwan wane, ko Dogon wane. Wannan tsarin suna tamkar salsala ce, mai nazari yana iya bin ta ya gano wa ya koya wa wa.

Mataki na uku shi ne fita yawon dambe, daga wannan gida zuwa wancan. Na huɗu shi ne tashe, lokacin da ya kashe wani sananne, makaɗa suka yi masa take, masu gidajen dambe suka fara aiko masa da kuɗin mota. Abin da yake samu a wannan mataki yana fitowa ne daga kason kuɗin ƙofa, da liƙin masoya, da kyautar gasa kamar babur ko mota, da kuma ajo, watau wasa na musamman da ake shirya wa ɗan dambe don abokan sana'a da iyayen gida su tara masa gudummawa. Mataki na biyar shi ne kwance zare. Kaɗan daga cikinsu sukan zama alƙalai ko sarakunan dambe ko masu gida. Mafi yawa sukan koma fawa ko gona ko wata ƙaramar sana'a, wasu da karyayyen hannu ko raunin ido ko ciwon kai da ba ya jin magani. A duk matakan nan biyar babu yarjejeniya a rubuce, babu kuma wani asusu da yake jiran mutum ranar da ƙarfi ya ƙare.

6.0 Ƙwallon Amurka

6.1 Tarihi

Ƙwallon Amurka dabam yake da ƙwallon ƙafar da aka sani a nan. Ƙwallonsa mai siffar ƙwai ne, da hannu aka fi ɗaukarsa, kuma kayar da mai riƙe da shi halal ne a wasan. Ya samo asali daga wasannin ƙwallo na Ingila, musamman wanda ake kira rugbi. Ana lissafa wasan da jami'o'in Rutgers da Princeton suka yi ranar 6 ga Nuwamba 1869 a matsayin mafarinsa. Wani ɗan Jami'ar Yale mai suna Walter Camp shi ne ya tsara manyan dokokinsa a farkon shekarun 1880. A 1892 aka biya William Heffelfinger dala 500 don ya buga wasa ɗaya a Pittsburgh, shi ne mutum na farko da aka tabbatar ya karɓi lada.

Wasan ya kasance mai haɗari ƙwarai. A shekarar 1905 kaɗai 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i ya nemi a gyara. A 1906 aka sake dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba don a rage cunkoson da ke jawo karaya. A 1920 aka kafa ƙungiyar ƙwararru a garin Canton na Jihar Ohio, wadda ta ɗauki sunan NFL a 1922. Wasan ƙarshe na shekara, wanda ake kira Super Bowl, an fara shi a Janairun 1967. A yau NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma tun 2021 kowace tana buga wasa 17 kafin zagayen fitar da gwani.

6.2 Dokoki

Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Tsawon fili yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, wanda shi ne gidan ƙungiya. Ana ba masu kai hari dama 4 su ci yadi 10, ko da gudu da ƙwallo ko da jifa. In sun ci, a sake ba su wasu 4, in sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo ya ci maki 6, sa'an nan a ba shi damar ƙarin maki 1 ko 2. Buga ƙwallo da ƙafa ya ratsa tsakanin sanduna maki 3 ne. Lokacin wasa minti 60 ne, an raba shi kashi 4. Kowane ɗan wasa yana sanye da hular kwano da matashin kafaɗa.

6.3 Matakan Sana'a

Yaro yakan fara a makarantar sakandare. In ya yi fice, sai wata jami'a ta ɗauke shi ta biya masa kuɗin karatu. Ba ya shiga NFL sai ya yi shekara 3 da barin sakandare. Tun 1936 ake yin zaɓen sababbin 'yan wasa kowace shekara, inda ƙungiyar da ta zo ƙarshe take fara zaɓa don kada ƙarfi ya taru wuri ɗaya. Zaɓen zagaye 7 ne, kuma waɗanda ake ɗauka ba su wuce 260 da 'yan kai ba daga cikin dubban ɗalibai. Wanda aka ɗauka yana sa hannu a yarjejeniya. 'Yan wasa suna da ƙungiyar ƙwadago tun 1956, ita ce take zama da masu ƙungiyoyi kan mafi ƙarancin albashi da magani da fansho.

Duk da haka sana'ar gajeriya ce. Misali na kusa shi ne Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya tafi Amurka karatu a matsayin ɗan wasan jifa, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987, ya fi kowa cin fili da gudu a 1989 da yadi 1,480, amma bayan kakar 1992 ciwon gwiwa ya sa ya bari. Wani ɗan Nijeriyan kuma, Dokta Bennet Omalu, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002, ya buga sakamakon a 2005, inda ya nuna cewa yawan bugun kai yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 suka kai ƙara, a 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765, daga baya ma aka cire iyakar kuɗin.

7.0 Kwatanci

Wasannin biyu sun yi tarayya a abubuwa da dama. Dukkansu sun faro a cikin wani rukuni na jama'a, ɗaya a wajen mahauta, ɗaya a wajen ɗaliban jami'a, sa'an nan kuɗin ƙofa da kafofin watsa labarai suka fitar da su. Dukkansu wasannin kaka ne, domin ƙwallon Amurka ma a watan Satumba ake fara shi. A dukkansu masu shiga suna da yawa, masu tashe kaɗan ne, kuma kai shi ne gaɓar da ta fi shan wuya.

Inda suka rabu shi ne wajen tsari. Ɗan ƙwallon Amurka yana bi ta makaranta, saboda haka ko bai kai ga NFL ba yana iya fita da takardar da zai ci abinci da ita. Ɗan dambe kuwa ta hannun maigida yake bi, kuma sau da yawa yawon dambe shi ne yake raba shi da makaranta da gona. Can akwai doka a rubuce da likita a bakin fili da ƙungiya mai magana da yawun 'yan wasa. Nan kuwa amana ce da kunya da ajo. Ba za a raina waɗannan ba, domin ajo wata irin gudummawa ce da ta dace da zumuncin Bahaushe, sai dai mai tashe ake yi wa ita, wanda ya faɗi tun bai yi suna ba ba ya samun mai kiɗa masa kalangu. Abin lura kuma shi ne, duk gyaran da aka yi a Amurka bai zo ba sai bayan asarar rayuka a 1905 da shari'ar da ta kai ga sulhun 2013. Hular kwano ma ba ta hana ciwon ƙwaƙwalwa ba, balle kan da ba komai a kansa.

8.0 Halin da Ake Ciki

Kiɗa ya fara sauyawa. Dambe yana cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa. Wayar hannu da shafukan YouTube da Facebook sun kai shi ƙasashen waje, wasu kamfanoni kuma sun fara shirya gasa mai awon nauyi da ƙayyadadden lokaci da ma'aikatan lafiya. A maƙwabta, Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa ana iya tsara wasan gargajiya ba tare da an raba shi da kiɗansa da kirarinsa ba, domin tun 1975 take gudanar da gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi. A ɗaya gefen kuma, rashin tsaron da ya addabi ƙananan hukumomi irin su Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wanda sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 ya fito da shi fili, ya taɓa noma da kasuwanni da tarukan ƙauye, waɗanda su ne uwar damben kaka. Idan filin ƙauye ya mutu, matakin farko da na biyu na sana'ar su ne suka mutu, gidajen birni kuwa daga nan suke samun sababbin hannu.

9.0 Kammalawa

An ga yadda dambe ya tashi daga bikin rundawa ya zama sana'a, da yadda dokokinsa da sunayensa suke ɗauke da tunanin Bahaushe game da jarunta, an kuma ga hanyar da ƙwallon Amurka ya bi. Daga wannan kwatanci ana iya ba da shawara huɗu. Ya kamata masu gidajen dambe da sarakunansa su haɗu su rubuta dokoki guda ɗaya cikin Hausa. Ya kamata kada a buɗe fili sai da ma'aikacin lafiya, kuma wanda aka kashe da bugun kai a hana shi ɗaura zare sai ya huta an duba shi. Ya kamata a riƙa cire wani kaso daga kuɗin ƙofa ana tarawa domin masu rauni da waɗanda suka tsufa. Daga ƙarshe, akwai aiki a kan ɗaliban sashen Hausa, watau su shiga ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi su ɗauki take da kirari da salsalar sunaye daga bakin tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu tun suna raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya.